Gayyar Dashen Albasar Baba

A shekarata ta biyu a jami'a, a Aliero, babu ƙungiyar da ban tsoma ƙafa ba. Ina cikin ta muhawara, ina cikin ta wasan kwaikwayo, ina cikin masu sharar masallaci, har 'yan ƙwallo na bi na kwana biyu kafin su gane ba ni da ƙafar kirki su mayar da ni mai riƙe musu ruwa. In an ce taro, ni ne mai jera kujeru, in an watse ni ne mai kwashewa. Abokan ɗakina suna cewa katifata ta fi ta kowa hutawa. Ba son jama'a ne ya yi mini yawa ba. Zama ne ba na iyawa, domin da na zauna shiru sai tunanin gida ya taso mini.

Gidanmu yana Karaye, a ƙasar Maiyama. Babana manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani a 'yar fadamarsa. Ni ne babban ɗansa, kuma tun ban kai tsawon ƙotar hauya ba tare muke fita. Da na samu gurbi a jami'a bai hana ni ba, bai kuma yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da na san abin da zan ba da haƙuri a kai. Abin da ya yi kawai shi ne ya daina kirana gona. In na zo hutu, da asuba zan ji ya saɓi hauyarsa, ya bi ta ƙofar ɗakina ya wuce bai ƙwanƙwasa ba. In na yi wuf na biyo shi, sai ya juyo ya ce, "Koma, malam, kak ka ɓata hannun biro." Da murmushi yake faɗa. Ni kuwa sai in koma in kwanta ina juyi, raina a ɓace, har rana ta fito.

Wannan shi ne ciwona a lokacin, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. So nake ya sake kirana, ko da sau ɗaya, da bakinsa.

A farkon sanyin shekarar nan, muna tsakiyar shirin muhawara, Inna, wato mahaifiyata, ta bugo mini waya tana kuka. Baba yana dawowa daga kasuwar Jega, mashin ya kayar da su, ƙafarsa ta karye a ƙasan gwiwa. Ta ce an ɗauko shi an nufo Aliero wurin masu ɗori. Duk ƙasarmu in ƙashi ya karye nan ake tahowa. Na bar takardun muhawarar a kan benci na fita da gudu.

Na same shi a wani zaure, kwance a tabarma, an jera wa ƙafar tsinkayen kara an naɗe da ƙyalle. Bai yi ƙara ba, bai yi raki ba, gumi dai ke tsattsafo masa a goshi. Daga ƙofar zauren in mutum ya ɗaga kai yana hango rufin gine-ginen jami'armu, inda bai taɓa takawa ba. Kullum tsakanin lacca da lacca nake rugawa in kai masa ruwan zafi da kunu, in dawo ina haki. Ba ya zancen ƙafar. Zancensa ɗaya ne, irin albasa.

Wanda bai san noman albasa ba zai ce me ke ciki. Ana fara yafa iri ne a wani ɗan wuri, ya tsiro ya yi kamar ciyawa, sannan a cire a dasa shi ɗaya ɗaya a fangali, wato 'yan ƙananan filayen da ake tare wa ruwa a fadama. Dashen nan yana da lokacinsa. In iri ya tsufa a inda aka yafa shi, ya fara ƙulla kai, to ko an dasa ba ya yin abin kirki. Irin Baba ya isa dashe, maƙwabta kowa yana fama da nasa, shi kuma ga shi a kwance.

Na ce, "Baba, bari in tahi in dasa."

Ya dube ni ya ce, "Kai kaɗai? Ka bar karatu ka tahi ka kwan wata kana duƙe? A'a. Tahi ajinku."

Na fito ina jin kamar in yi ihu. Ranar ban iya zama lacca ba, na yi ta zagaye makaranta har takalmina ya fara cin ƙafata.

Da yamma muna da taron ƙungiyar ɗaliban yankinmu, mu 'yan Jega da Aliero da Maiyama. Kowace shekara ƙungiyar tana ware mako guda na hidimar al'umma. Wata shekara a share kasuwa, wata shekara a je makarantar allo a kai tabarmi. Shugabanmu na lokacin ɗan unguwar Firchin ne a Jega, ɗan gidan 'yan kasuwa, dogo mai fara'a, wanda in ya riƙi lasifika sai an kashe janareto yake sauka. Ana ta gardamar inda za a je bana, ni kuma ina can baya ina kaɗa ƙafa. Ban san lokacin da na miƙe na faɗi halin da Baba ke ciki ba.

Shugaba ya buga tebur ya ce an gama, gonarmu za a je. Kafin in koma mazaunina har ya tsara komai. Za a ɗauki bas, za a yi riguna iri ɗaya, za a rubuta ƙaton ƙyalle mai cewa tallafin ɗalibai ga mabuƙata, za a dafa shinkafa a zuba a robobi don kada a ɗora wa mai gona nauyi, za a kuma ɗauki hotuna a watsa a waya. Aka yi tafi. Ni ma na yi, don a lokacin ban ga aibun komai ba, irin Baba kawai nake gani yana tsufa.

Washegari na kai masa labari ina rawar jiki. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Mi kac ce an rubuta bisa ƙyallen?"

Na maimaita.

Ya juyar da fuskarsa bango. "Su taho su ɗauke ni hoto awa wanda gobara tac ci? Ni ban roƙi kowa ba. Ƙahwa ta ta karye, ba mutunci ba. Bari irin shi lalace."

Na yi magiya, na yi bayani, na kawo hujjoji irin na 'yan muhawara, ko kallona bai yi ba. Na tashi a fusace. A hanya ina ta faɗa ni kaɗai, ina cewa wannan tsoho da taurin kai yake, zai bar abincin shekara ya salwanta saboda ƙyalle. Haushinsa nake ji, ina kuma jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi yawa.

Akwai wata 'yar ajinmu, 'yar garin Danwarai, ita ke riƙe da harkar walwala a ƙungiya. Ba ta da yawan magana a taro, amma in ta tare ka a waje sai ka gwammace a taron ta yi. Na same ta a bakin ɗakin karatu na zayyana mata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Kai ma dai, awa ba ɗan ƙauye ba! Wa ka zuwa gonar mutum da abinci nai cikin roba? Ai zagi na. Kun ce mai ba shi iya ciyar da ku ke nan. Ku bar zancen tallahi, ku hwaɗa mai cewa gayya ta. Shi kira da bakinai."

Gayya na san ta tun ina yaro. Mai gona ne ke kiran jama'a su taru su yi masa aiki rana guda, shi kuma ya ciyar da su su ƙoshi. Ba a biyan kowa lada, amma duk wanda ya zo maka, ranar da ya kira tasa kai ma sai ka saɓi hauya ka je. Babu mai kunyar kiran gayya, domin yau kai ne gobe wani. Na sha zuwa da Baba, na sha furar gidaje da yawa. Ban dai taɓa kawo ta a raina tare da ɗaliban jami'a ba.

Na koma zauren a karo na biyu a rana ɗaya. Na durƙusa na ce ba tallafi ba ne, gayya ce in ya yarda ya kira. Ya juyo ya ce, "In gayya ta, ni ka kira, ni ka ciyarwa. Ba ni son in ga ko ƙwarar shinkahwa daga hannunsu. Kira min babbanku."

Sauƙin abin shi ne shugaba ba mai girman kai ba ne. Ya zo ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya yi gaisuwa irin ta 'yan Jega, doguwa mai kwana-kwana. Baba ya gyara murya ya ce yana gayyatarsa, shi da jama'arsa, dashen albasa ranar Asabar a Karaye. Shugaba ya ce sun amsa. Da muka fito ya ce mini shi fa ƙyallen nan an riga an rubuta, ba zai bar shi a makaranta ba. Na ce ya yi duk yadda zai yi da shi, kada dai Baba ya ga rubutun.

Aka mayar da Baba gida ana saura kwana biyu. Ni kuma na kasa tsaye na kasa zaune. Ina tsoron kada ɗalibai su ƙi fitowa, ina tsoron kada su fito da yawa abinci ya kasa, ina tsoron kada mai bas ya yi mana halinsu. Inna ta ce a waya in kwantar da hankalina, matan unguwa sun taru ana ta daka tun safe, ina ma jiyo lugude ta cikin wayar. Hankalin bai kwanta ba.

Ranar Asabar muka cika bas har da na tsaye. Muka ratsa Jega ana buɗe shaguna, muka miƙa hanyar Maiyama ana waƙe-waƙe, ni ina manne da taga ina lissafin abin da zai iya lalacewa. Da muka isa fadama mun tarar an kawo Baba a amalanke, an shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula. Tun da sassafe wani maƙwabci ya tayar da injin ban ruwa, fangali sun sha sun yi laushi.

Yawancinmu 'ya'yan manoma ne da suka ɓuya a cikin guga da turare. Da aka naɗe wanduna sai ga kowa ya koma asalinsa. Mata suka zauna wajen cirar iri suna ɗaurewa dami-dami, maza muka shiga fangali muna dannawa da yatsa, layi bayan layi. Shugaba bai taɓa yi ba, dashensa na farko wasu suna kallon gabas wasu suna kallon yamma, aka yi ta yi masa tsiya. Bai yi zuciya ba, ya duƙa ya koya, kuma har aka tashi bai nemi inuwa ba. Ƙyallen nan kuwa, 'yar Danwarai ta kifa shi rubutun yana kallon ƙasa, a kansa aka jera ƙoren fura.

Ni ranar aiki na yi kamar mai aljanu. Ban ɗago ba, ban yi hira ba, na zaɓi fangalin da ke daidai saitin idon Baba. So nake ya ga hannun biron nan bai mutu ba. Duk ƙarshen layi sai in saci kallonsa, in ga yana can yana yi wa wani sannu.

Da azahar aka kawo abinci. Inna ta fitar da mu kunya, tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu, ga fura ta ji nono. Ɗalibai suka ci har ana kwance ɗamara. Baba yana zaune yana cewa a ƙara wa wancan, a miƙa wa wannan, fuskarsa ta cika da annuri, rabon da in gan shi haka tun kafin in tafi makaranta. Da aka sha ruwa ya yafito shugaba.

"Tau, ɗana, kun yi min. Ina taku gona take? Yaushe taku gayya?"

Shugaba ya tuntsire da dariya. "Baba, mu gonarmu wani hili na bayan ɗakunan kwana. In makon al'adu ya matso muna share shi don wasanni. Ƙarangiya dai muka nomawa nan."

Kowa ya yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, "Madalla. In rana ta zo a hwaɗa min." Ya sa aka saka masa lambar shugaba a 'yar wayarsa. Duk mun ɗauka ƙarshen zancen ke nan.

Kafin la'asar sakaliya an dashe fadamar kaf. Aka yi layi ana yi masa sallama, yana sa wa kowa albarka. Na tsaya a ƙarshe da gangan, hannuna duk laka, bayana kamar zai balle. Da na durƙusa sai ya ce, "An gode, malam. Allah shi ba da sa'ar karatu. Ku yi sauri kar dare shi yi muku." Abin da ya gaya wa kowa shi ya gaya mini. Cikin baƙi ya lissafa ni. Na shiga bas ana ta shewa ana murna, ni kuwa na raɓe a can baya ina kallon taga har muka kai Aliero.

Bayan nan abin nawa ya ƙaru. Na ƙara shiga wata ƙungiya ta masu dashen itatuwa, na karɓi aikin manna sanarwa, na karɓi na aron kujeru. Labarin gida a bakin Inna nake ji. An kwance ɗori. Ya fara takawa da sanda. Albasa ta yi kai, ta yi kyau, an haƙe an kai Jega. Duk lokacin da ta ba shi wayar, gaisuwa ce da "a yi karatu", sai ya mayar mata. Na yi murnar albasar da gaske, amma abin da nake jira ban samu ba.

Makon al'adu ya faɗo a tsakiyar zafin bazara. Shi ne babban bikin ɗalibai na shekara, kowane yanki ya kafa rumfarsa, a baje abincin gargajiya, a yi kokawa da kiɗa da wasan kwaikwayo. Filin da aka ba yankinmu kuwa ya cika da busasshiyar ciyawa da ƙarangiya da kututturan sabara. Muka sa ranar Asabar don shara. Da gari ya waye, waɗanda suka fito ba su cika benci biyu ba, don jarrabawar gwaji ta matso, rana kuma tun da hantsi take cizo. Ina ta sintiri tsakanin ɗakuna ina buga ƙofofi ina masifa, sai ga shugaba ya taho da gudu, waya a kunne.

"Kai, taho! Babanka na bakin ƙohwa, masu gadi sun tare su!"

Na ɗauka wani abu ya sami Inna. Sai a hanya shugaba ke gaya mini ai tun da ƙafar ta warke Baba ke kiransa yana tambayar rana, shi kuma ya faɗa masa don ya ɗauka hira ce irin ta tsofaffi.

A bakin ƙofa muka tarar da wata tsohuwar a-kori-kura, bayanta cike da mutanen Karaye, kowa da hauya, wasu da adda, wasu da manjagara. Masu gadi suna da gaskiyarsu, wa zai ga taron mutane da makamai haka ya buɗe musu makaranta. Baba yana tsaye a gaba, dogare da sanda, hauyarsa a kafaɗa, yana yi wa babban mai gadi bayani a natse.

"Gayya ta, yallaɓai. Yaran ga sunka yi min dashe ina kwance. Yau tasu ta. In ban zaka ba, da wane ido za ni duban su?"

Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Ɗalibai suna wucewa suna kallo, wasu suna ɗaga waya. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu mai ɗumi da ya taso mini har idona ya kawo ruwa. Tun daga Karaye, da wannan ƙafar. Shugaba ya yi ta bayani, aka kira wani jami'i mai kula da harkokin ɗalibai, ya zo ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a bar su su shiga. Haka Baba ya taka jami'a karon farko, yana ɗingishi, yana kallon gine-gine ta gefen ido kamar bai damu ba.

Da suka ga filin, wani maƙwabcinmu ya ce, "Wanga ɗan wuri?" Suka jeru suka sa hannu. Labari ya zaga ɗakuna, waɗanda suka je Karaye suka fara fitowa suna gaida Baba, kowa yana neman abin riƙewa. 'Yan kiɗanmu da ke gwaji a bayan ɗakin taro suka kwaso gangunansu suka tsaya a gefen fili suna yi mana kiɗan noma. Ni na karɓi adda na faɗa wa kututturan nan, ƙarangiya ta cika mini wando da tafin hannu ban kula ba. Baba ba ya iya duƙawa sosai, amma bai yarda ya zauna ba, yana jan ciyawa da hauya a tsaye. Kafin azahar fili ya yi fes.

Aka yi salla. Mutanen Karaye suka samu inuwar dogon yaro suka zauna a jere, suka wanke hannu. Ni ina tsaye ina share gumi ina tunanin yadda za a yi musu godiya a lasifika. Sai na ji an finciki hannun rigata. 'Yar Danwarai ce, ta zaro ido.

"Mi kaka jira? Mai gayya ka ciyarwa! Ina abincinsu?"

Wallahi ko ruwan kirki ba mu tanada ba. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Muka watsu, wasu wajen masu abinci na cikin makaranta, wasu ɗakin 'yan mata inda aka kwaso duk tukunyar da ke kan wuta, ni kuma na yi bakin ƙofa wajen matan Fulani masu fura da nono, na ce su taso da ƙorensu gaba ɗaya. Abinci ya haɗu kala-kala, shinkafa da wake, taliya, ɗanwake, wani da gishiri wani babu. 'Yar Danwarai ta hana a miƙa wa kowa a roba, ta sa aka juye a manyan faranti.

Na dama furar Baba da hannuna, yadda na san yana so, ba kauri ba ruwa-ruwa, na kai masa na durƙusa. Shugaba, da ba ya iya ganin taro ya yi shiru, ya ce, "Baba, ɗanka na ya haɗa komi, tun ta Karaye har wagga. Mu bin shi muka yi."

Baba ya karɓi ƙwaryar ya yi bisimilla, ya sha sosai, ya ajiye. Na yunƙura zan tashi, don akwai kujeru da ban karɓo ba, akwai masu rumfa suna jirana. Sai ya kama hannuna. Ya juya tafin sama, ya ga ƙayoyin ƙarangiya da bororon da adda ta yi mini. Ya sa farce ya fara cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi mini ina ƙarami.

"Zamna," ya ce. "Tun da niz zo ban ga ka zamna ba."

Na zauna. Ya tura mini sauran furar.

"Yaushe za a ba ku hutu?"

Na ce farkon damina.

Ya ci gaba da cirar ƙaya bai ɗago ba. "Ƙahwar ga ba ta kai ni gonar tudu ni ɗai. In ruwa ya sauka, nan muka fara shuka. Ka kwana gida. Ni ka tashe ka."

Na ce to. Na ɗauki ƙwaryar na shanye sauran furar. Kujerun ranar wani ne ya karɓo su. Na zauna a gefensa har rana ta yi sanyi, sannan na raka su bakin ƙofa ina riƙe masa hauya.

An yi makon al'adu, rumfarmu ta yi jama'a, an ce kokawar ta yi daɗi, ni kaɗan nake iya tunawa. Ranar da aka ba da hutu ban tsaya taron rufe ƙungiya ko ɗaya ba, na kama motar Jega, daga nan na hau ta Maiyama. Na yi kwanaki a gida ina kallon gabas kafin ruwan shuka ya sauka. Washegarin saukarsa, bayan an idar da sallar asuba, na koma ɗaki na zauna a bakin katifa da tsohon wandona na gona a jiki. Na ji ya ɗauki hauya. Na ji takunsa, ƙafa ɗaya tana ja. Ya zo daidai ƙofata ya tsaya, ya buga da sandarsa.

"Kai, tashi. Rana na yi."